Faifan Da Aka Zaga Jiya, Ake Yi Wa Kirari Yau: Masu Sharhi Da Kiɗan Metal

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau za mu leƙa wani kiɗa da ba kasafai ake jin sa a wajenmu ba, wato metal. Kiɗan nan mai jita da ƙara kamar injin niƙa, ganga kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano, mawaƙin kuma wani lokaci ya rera, wani lokaci ya yi gurnani. Na san wani zai ce, "To mu ina ruwanmu?" Ku ɗan yi haƙuri. Ba sai kana son kiɗan ba kafin labarin ya shafe ka. Tambayar da ke ciki ita ce: idan matashi ya zo da sabon abu, ba kuɗi, ba ubangida, wa ke da ikon cewa aikinsa ya yi ko bai yi ba? Kuma idan mai yanke hukuncin ya kuskure, wa ke biyan asarar?

Mu fara daga tushe. A ranar 13 ga Fabrairun 1970, wasu samari huɗu daga Birmingham ta Ingila, masu suna Black Sabbath, suka fitar da albam ɗinsu na farko. A yini guda suka naɗe shi. Manyan masu sharhi suka yi masa ca. Lester Bangs na mujallar Rolling Stone ya kwatanta su da ƙungiyar Cream, ya ce sai dai su sun fi muni. Amma matasa suka yi ta saye, har albam ɗin ya kai na 8 a jerin waɗanda suka fi kasuwa a Birtaniya. Tun daga nan aka raba gari: masu alƙalami gefe guda, masu sauraro gefe guda.

To su Black Sabbath ma da sauƙi, suna da babban kamfani a bayansu. Waɗanda suka biyo baya fa? Da yawa ba su da kowa. A 1979 Iron Maiden da kansu suka buga ɗan faifansu na farko, The Soundhouse Tapes, kwafi 5,000, mafi yawa ta gidan waya aka sayar. A Amurka, wani mai shagon faifai a kasuwar gwanjo ta New Jersey, Jon Zazula, ya kafa kamfanin Megaforce don ya fitar da albam ɗin Metallica na farko a 1983, bayan manyan kamfanoni sun ƙi kallon su. Wannan shi ake nufi da faifai mai zaman kansa: ƙaramin kamfani, ƙaramin jari, ba rediyo, ba talabijin.

Idan ba rediyo, ta ina mutane za su ji ka? Ta hanya biyu. Ta farko musayar kaset: yaro a Jamus ya kwafa, ya aika wa wani a Brazil ta gidan waya, kamar dai yadda ake tura waƙa daga waya zuwa waya yanzu, sai dai tasu takan ɗauki makonni. Ta biyu kuma mujallu. A 1981 aka fara buga Kerrang! a Landan, Geoff Barton ne editanta na farko. A 1983 Metal Forces ta biyo baya. Waɗannan mujallu na 'yan gida ne, masu son kiɗan ne ke rubuta su. Shi ya sa maganarsu ta fi nauyi. 'Yan layuka kaɗan a cikinsu kan iya ɗaga ƙungiya ko su binne ta.

Ga misalin ɗagawa. Queensrÿche, daga kusa da Seattle, sun fitar da ɗan faifai mai waƙa huɗu a wani ƙaramin kamfani da aka kafa saboda su, 206 Records. Kerrang! ta yaba shi sosai, kafin ka ce kwabo babban kamfanin EMI ya ɗauke su a 1983. Daga baya suka zama cikin iyayen abin da ake kira progressive metal, wato metal mai sarƙaƙiya: waƙa doguwa, kiɗan yana sauya taki a tsakiya, ana aro daga jazz da kiɗan gargajiyar Turai.

Ga kuma misalin binnewa. A 1982 wani saurayi a wani ƙauye kusa da Zurich ta Suwizalan, Tom Gabriel Fischer, ya kafa Hellhammer. Gaskiya ba su iya kiɗa sosai ba, kayan naɗinsu ma na talauci ne. Sautin ya fito a dagule, ɗanye shataf. A 1984 kamfanin Noise na Berlin ya fitar da faifansu Apocalyptic Raids. Mujallun metal ɗin nan na gida, waɗanda ya kamata su fi kowa fahimta, su ne suka fi yi musu dariya. Sunan ya ɓaci har samarin suka ga babu mafita sai su rushe ƙungiyar a shekarar, su sake sabon suna, Celtic Frost. To amma kaset ya riga ya bazu. Yaran Norway da Suwidin da suka gina black metal a farkon shekarun 1990, wannan ɗanyen sautin da aka raina shi suka ɗauka abin koyi. A 2008 aka tattara tsofaffin kasakasan Hellhammer aka sake buga su da mutunci. A 2019 Fischer ya fara hawa manyan dandamali yana kaɗa waƙoƙin da aka yi masa dariya a kansu shekara 35 baya.

Labarin da ya fi taɓa zuciya shi ne na Cynic, daga Miami ta jihar Florida. Su matsalarsu kishiyar ta Hellhammer ce: sun iya kiɗa har ya yi yawa. Paul Masvidal mai jita da Sean Reinert mai ganga sun riga sun yi suna a 1991, lokacin da suka yi kiɗa a albam ɗin Human na ƙungiyar Death. Guguwar Andrew ta 1992 ta jinkirta musu aiki, sai a 1993 kamfanin Roadrunner ya fitar da albam ɗinsu, Focus. A ciki suka gauraya gurnanin death metal da salon jazz, da wata murya da aka bi da ita ta na'ura ta fito kamar ta mutum-mutumi. A nan ba 'yan jarida ne suka fi tsanani ba, 'yan kallo ne. Da suka fita yawon wasa tare da Cannibal Corpse a 1994, jama'ar da suka zo jin kiɗa mai zafi zalla ba su karɓe su ba. A shekarar ƙungiyar ta watse.

Sai me? Sai yaran da suka saurari Focus a ɗakunansu suka girma, suka kafa nasu ƙungiyoyin, suka riƙa ambaton sa a hirarraki. A 2004 aka sake buga shi. Cynic suka dawo, suka fitar da albam na biyu a 2008, shekara 15 bayan na farko. Yau da wuya a lissafa ginshiƙan progressive metal ba a sa Focus ba. Amma ku lura da abin da aka rasa: shekarun ƙuruciyarsu, lokacin da ya kamata a ce suna ta fitar da aiki tare. Sean Reinert ya rasu a Janairun 2020 yana da shekara 48. Sean Malone, mai jitar bes a albam ɗin, ya bi shi a Disambar shekarar. Yabon ya zo, sai dai ya zo a makare.

Da intanet ta zo, sai reshe ya juye da mujiya. A 2013 Deafheaven daga San Francisco suka fitar da Sunbather a ƙaramin kamfanin Deathwish, da bango ruwan hoda, abin da ba a saba gani a black metal ba. Wannan karon manyan masu sharhi ne suka rungume shi. A shafin Metacritic, mai tattara makin masu sharhi, ya samu 92 cikin 100. Sai wasu 'yan gida suka ce sam, wannan ba namu ba ne, na 'yan gayu ne. Kun ga ikon Allah? Mutanen da aka daɗe ana rufe wa ƙofa, su ne yanzu suka tsaya a bakinta da sanda.

Ita ma Rolling Stone, a 2017 ta fitar da jerin albam 100 mafiya daraja a tarihin metal. Paranoid na Black Sabbath ne na ɗaya, albam ɗin nan da Bangs ya kushe kuma yana cikin goman farko.

Abin da nake gani a duk wannan shi ne, mai sharhi yana auna sabon abu ne da mudun da ya saba da shi. An auna Hellhammer da mudun ƙwarewa, aka ce sun gaza. An auna Cynic da mudun zafi, aka ce sun yi sanyi. Ba wai masu sharhi ba su da amfani ba ne, ai su suka fito da Queensrÿche. Kuma ba duk faifan da aka zaga ne ya zama abin tarihi ba, dubbai an zage su kuma sun cancanta. Sai dai babban kamfani yana da kuɗin da zai jure mummunan sharhi, ƙaramin mawaƙi kuwa sau da yawa dama ɗaya gare shi.

Yanzu da kowannenmu yake da waya, kowa ya zama mai sharhi. Kafin ka rubuta "shirme" a ƙarƙashin aikin wani yaro, ka ɗan sake saurara sau ɗaya.

Ku faɗa mana a ƙasa: wane aiki kuka taɓa rainawa da farko, daga baya ya shiga ranku? Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.