Ƙididdigar Kwanakin Ɗaukar Ciki Tsakanin Lissafin Fiƙihu da Binciken Likitoci

Tsakure

Wannan maƙala tana nazarin hanyar da matar da ke neman haihuwa za ta gane kwanakin da ciki ke shiga, tana kuma kafa hujja cewa lissafin haila da tsarki, wanda mace Musulma ta saba da shi domin ibada, asasi ne mai kyau ga wannan buƙata, muddin an san ta wane gefe ake ƙirgawa.

Asalin ƙa'idar

Ko da yake haihuwa baiwa ce daga Allah Maɗaukakin Sarki, kuma babu mai hankalin da zai ja da wannan, malamai sun daɗe da bayyana cewa riƙo da sababi bai saɓa wa tawakkali ba, kuma sanin lokacin da ƙwan mace ke fita yana daga cikin mafi sauƙin sabuban. A shekarar 1924 wani likitan Japan, Kyusaku Ogino, ya nuna cewa ƙwai yana fita ne kimanin kwana 14 kafin haila mai zuwa, kuma bayan 'yan shekaru Hermann Knaus na ƙasar Ostiriya ya kai ga irin wannan natija. Ma'ana, daga ƙarshe ake ƙirgowa baya. Idan aka ɗauki ranar da jini ya fara a matsayin rana ta 1, wadda zagayenta kwana 28 ne ƙwanta zai fita wajen rana ta 14, mai kwana 35 wajen rana ta 21, mai kwana 24 kuwa wajen rana ta 10. Saboda haka maganar nan da ta yaɗu cewa kowace mace rana ta 14 ce tata kuskure ce.

A 1995 Allen Wilcox da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a kan mata 221 a Amurka, inda ya tabbata cewa ciki yana shiga ne cikin kwana shida, wato biyar kafin fitar ƙwai da ranar fitarsa, domin maniyyi yana iya rayuwa har kwana biyar a jikin mace, alhali ƙwai ba ya wuce sa'a 12 zuwa 24.

Inda fiƙihu ya haɗu da ɗibbu

Matar da ta karanta Ahalari ko Risala ta san adadin kwanakin al'adarta, ta kuma san alamomin tsarki biyu, bushewa da farin kumfa, wanda fuƙaha'u ke kira ƙassa. To sai dai ya wajaba a rarrabe wannan da wani ruwa dabam da ke zuwa daga baya, garai-garai, mai santsi da yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai, wanda John da Evelyn Billings na Ostireliya suka gina hanyarsu a kansa. Shi ne alamar cewa ƙwai ya kusa, kuma a ganina ya fi ƙidayar kalanda amana ga wadda al'adarta ke gaba da baya. Wadda zagayenta gajere ne kuwa, misali kwana 24 tana jinin kwana 7, ta sani cewa ranar da ta yi wankan tsarki ta riga ta shiga tsakiyar kwanakin nan shida, kuma tun da saduwa cikin haila haramun ce, abin da ya rage mata bai wuce kwana uku ba.

Zafin jiki yana ɗagawa kaɗan bayan ƙwai ya fita, amma labari ne na abin da ya wuce, kuma zazzaɓin cizon sauro yana rikita shi. Tsinken gwajin fitsari mai gano sinadarin LH ya fi shi amfani, domin yana ba da sanarwa sa'a 24 zuwa 36 tun kafin fitar ƙwai.

Mas'alar rabon kwana

Akwai wani lissafi da littattafan Turawa ba su kula da shi ba, alhali ya shafe mu ƙwarai. A gidan mata huɗu, inda ake rabon kwana bibbiyu, kowace mace tana jiran dare shida kafin girki ya zagayo mata, kuma wannan tazara daidai take da tsawon kwanakin ɗaukar ciki, ta yadda wata zai iya wucewa girkinta bai dace da su ba, ko ya dace da gefensu kawai, a kuma yi ta kiranta juya alhali babu laifinta. Haka matar ɗan cirani da ta falke. Shari'a ba ta rufe ƙofa ba, domin ya halatta mace ta bar wa abokiyar zamanta kwananta da yardarta, kamar yadda Nana Saudatu ta bar wa Nana A'ishatu, Allah Ya yarda da su.

Idan an kiyaye waɗannan kwanaki shekara guda ciki bai samu ba, ko wata shida ga wadda ta haura shekara 35, to a je asibiti, kuma a je su biyu, domin sau da yawa matsalar daga wajen miji take, gwajin maniyyinsa kuwa ya fi duk gwajin da ake yi wa matar sauƙi.