Kufai da Masu Kufai: Ganuwar Abalessa a Ƙasar Tamanrasat

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai da wuya a sami tsohuwar ganuwa wadda ba a danganta ta da fatalwar wani mamaci ba. Abzinawan duwatsun Ahaggar, a kudancin Aljeriya, suna kallon tsofaffin gine-ginensu ta wata fuska daban. Wannan takarda za ta dubi ganuwar Abalessa domin fito da wannan bambanci.

2.0 Ginin da Mai Ginin

Abalessa na da nisan kimanin kilomita 80 yamma da Tamanrasat. A kan wani tudu akwai ginin duwatsu mai ɗakuna 11, kewaye da katanga mai kauri. Abzinawa sun ce nan ne makwancin Tin Hinan, kakar ƙabilar Kel Rela, wadda ta taso daga Tafilalt ta Maroko tare da baiwarta Takamat. A shekarar 1925 Byron Khun de Prorok da Maurice Reygasse suka tona ɗaya daga cikin ɗakunan, suka tarar da ƙasusuwa sanye da warwaro na zinariya da azurfa. An kuma sami tambarin kuɗin Sarkin Rumawa Kwanstantin, wanda ya yi mulki a ƙarni na 4.

3.0 Kel Essuf

A wurin Abzinawa, duk inda mutane suka tashi ba ya zama babu kowa. Masu gaje shi su ne Kel Essuf, wato mutanen kaɗaici, waɗanda Bahaushe zai kira iskoki ko mutanen ɓoye. Suna zama a kufai da duwatsu, har ma akwai wani dutse a arewacin Tamanrasat da Larabawa ke kira Garat al-Jinun, wato dutsen aljannu. Mamaci kuwa ba lalle ne ya zama abin gudu ba. Baturen Faransa Henri Duveyrier ya rubuta a 1864 cewa mata kan yi ado su kwanta a kan tsofaffin kaburbura domin samun labarin mazajensu da suka yi nisan tafiya. Ke nan mai kabari majiya ce, ba fatalwa mai firgita jama'a ba.

4.0 Kammalawa

Ɗalibin Hausa ba zai ji wannan baƙo ba, domin labarin Tsumburbura da Dutsen Dala ya nuna yadda girmama iskoki ke yi wa wuri shinge. Kayan Tin Hinan sun shafe shekara kusan 1,500 ba a taɓa su ba, sai da baƙin da ba su san wannan shinge ba suka iso. An kwashe ƙasusuwan zuwa gidan tarihi na Bardo a birnin Aljas, aka bar wa Abzinawa ɗaki babu mai ɗaki. Saboda haka, mai nazarin irin waɗannan labarai kada ya tsaya ga tambayar ko gaskiya ne. Ya tambayi abin da suka tsare, da abin da aka rasa ran da aka daina jin tsoronsu.