Malamin labarin ƙasa da ya raini gwanayen gudu na Kenya

A shekarar 1976, wani saurayi ɗan ƙasar Ailan mai suna Colm O'Connell ya sauka garin Iten, a kan tsaunukan Kenya, don ya koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare ta St Patrick's. Ɗan mishan ne, kuma bai taɓa koyon aikin horar da ƴan gudu ba. Ya zo da niyyar ya ɗan jima ya koma gida, sai zama ya kama shi.

Da farko taimaka wa malamin da ke kula da wasanni yake yi. Da wancan ya tafi, ragamar ta dawo hannunsa, ya koyi aikin ta hanyar tsayawa bakin fili yana lura da yaran ɗaya bayan ɗaya. Iten na da tsawon kimanin mita 2400 bisa teku, inda iska ba ta da yawa, don haka jikin yaran ya saba da wahala tun suna ƙanana. Abin da ya rage shi ne babban da zai bi su da haƙuri.

A 1988 ɗalibinsa Peter Rono ya ci zinariya a tseren mita 1500 na wasannin Olamfik a Koriya ta Kudu. A 1992 Matthew Birir ya ci tasa a Basalona. Tun daga 1989 ya buɗe sansanin horo lokacin hutu, har da ƴan mata. Ta nan David Rudisha ya biyo, wanda ya kafa tarihin duniya a mita 800 a Landan a 2012, cikin minti 1 da daƙiƙa 40.91.

A harabar makarantar akan dasa itace da sunan tsohon ɗalibin da ya yi zarra a duniya. A 2019 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta karrama malamin da kansa, bayan shekara arba'in da ƴan kai yana aiki.

A makarantunmu kuwa, da jarrabawa ta gabato, awar motsa jiki ce ake fara yankewa, malaminta kuma ba a cika tunawa da shi ranar rabon kyauta ba. Iyaye da malamai, idan akwai irin wannan bawan Allah a makarantarku, ku bar masa awarsa, ku kuma yi masa godiya gaban ɗalibansa tun yana iya jin ta da kunnensa.