Mutanen Amish da Hukuncin Ƙauracewa

Ya mai karatu, in ka je Lankasta, cikin Fensilbaniya ta Amurka, za ka ga waɗansu manoma masu gemu ba gashin baki, suna tafiya da keken doki. Su ne Amish. Baƙi su kan ce tsoron mota su ke ji. Ba haka ba ne. Su kan shiga motar haya. Mallakarta ce aka hana, domin mai mota ya kan yi nisa da maƙwabtansa.

Asalinsu gardama ce. A 1693 wani dattijon ikkilisiya, Yakubu Amman, ya rabu da 'yan'uwansa masu baftismar manya a Suwizalan da Alsas. Ya ce wanda ya yi alkawari ran baftisma, sa'an nan ya karya, sai a ƙaurace masa, kada ma a ci abinci da shi. Waɗansu suka ce hana shi Jibin Ubangiji ya isa. Amman ya ƙi. Daga baya mabiyansa suka ƙetare teku saboda tsanani. Wani jirgi ya kai iyalai Filadelfiya a 1737.

Har yau, inda dokar ta fi ƙarfi, ba a ciniki da wanda aka ƙaurace wa. Ko ɗanka ne, ba za ka karɓi kuɗi daga hannunsa ba. Kai ɗan kasuwa, ka san nauyin wannan. Ni dai ina ganin hukuncin da zafi. Amma wanda ya fita tun bai yi baftisma ba, ba a ƙaurace masa. Wanda ya tuba gaban jama'a kuwa, a kan karɓe shi, a sake cin abinci tare.