Yadda canki-canka ya kamo na'ura wajen taƙaita bidiyo

Tun a tsakiyar shekarun 1990, a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka, Michael Smith da Takeo Kanade suka nemi sa kwamfuta ta tace dogon bidiyo ta fitar da gajeren tsakure. Da hannu aka tsara mata ƙa'idoji: inda fuska ta bayyana, ko rubutu ya fito a allo, ko aka furta kalma mai nauyi, nan za ta tsaya ta ɗiba.

Zuwan manhajojin da ke kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa ya sauya wannan tsari. A 2016, Ke Zhang da Kristen Grauman da abokan aikinsu biyu suka yi amfani da samfurin da ake kira LSTM, wanda yake riƙe abin da ya wuce yayin da yake duba abin da ke tafe. Ba a gindaya masa ƙa'ida ba. An nuna masa bidiyoyin da mutane suka riga suka zaɓi muhimman wurarensu, shi kuma ya koyi zaɓen.

Sai dai ma'aunin da kusan kowa ya dogara da shi ƙarami ne ƙwarai: tarin SumMe na 2014 mai bidiyo 25, da TVSum na 2015 mai bidiyo 50. Akan yanka bidiyo gunduwa-gunduwa, manhaja ta ba kowane gutsure maki, sannan a cika taƙaitawar da ba ta wuce kashi 15 cikin ɗari na tsawonsa ba, a gwada ta da ta mutane. Shekara bayan shekara sakamako yana ta hawa, kowa yana murna.

A 2019 Mayu Otani da wasu masu bincike uku daga Japan da Finland suka yi gwajin da ya kamata a ce da shi aka fara. Suka ajiye manhajar gefe, suka raba maki ta hanyar canki-canka. Sakamakon ya yi kafaɗa da kafaɗa da na fitattun manhajoji. Dalilin yana cikin matakin ƙarshe: da yake wurin da za a cika ƙayyadadde ne, lissafin yakan fifita gajerun gutsattsari, ko wane maki aka ba su. Ashe wuƙar yanka ce take yin mafi yawan aikin da ake yaba wa ƙwaƙwalwar.

Sun ba da shawarar a riƙa gwada yadda manhaja ta jera wurare bisa muhimmanci da yadda mutane suka jera su. A wannan ma'auni canki-canka ya koma sifili, manhajojin da aka gwada suka ɗara shi kaɗan, mutane suka yi musu nisa, ko da yake su ma ba su cika yarda da juna ba kan abin da ya cancanci a gani.