Kakuri da Zamanin Fijo: Yadda Kudancin Birnin Kaduna Ya Koyi Aikin Ƙarfe

Jirgin ƙasa ne ya buɗe wa kudancin birnin Kaduna ƙofar masana'antu. Lokacin da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, ofisoshin gwamnati da gidajen manya sun zauna a arewacin kogi, babbar tashar jirgi kuwa tana ƙetare, inda daga baya layin Legas ya haɗu da wanda ya taso daga Fatakwal. Ga fili, ga ruwan kogi, ga hanyar jigilar kaya. Shi ya sa da gwamnatin Sardauna ta tashi kafa masaƙa, Kakuri ta zaɓa. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, sannan Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya. A 1964 aka kafa masana'antar ƙera makamai ta DIC da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus. A waɗannan wurare ne 'ya'yan manoma suka soma sanin walda da gyaran inji da rayuwar da jiniya ke tafiyar da ita.

Bayan yaƙin basasa kuɗin mai ya shigo, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙudiri aniyar a riƙa haɗa motoci a gida. Aka rarraba kamfanonin: Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Mercedes a Inugu. Rabon Kaduna shi ne Peugeot na Faransa. An yi wa kamfanin Peugeot na Najeriya, wato PAN, rajista a 1972, aka buɗe masana'antarsa a Kakuri a 1975, aka fara da ƙirar 404, sannan 504 ta karɓi ragama.

Yadda kayan suke isowa abin mamaki ne. Tashar ruwan Legas ta cushe da jiragen siminti a wancan lokaci, jirgi ya yi watanni bai sauke kaya ba. Sai kamfanin ya koma sama: jiragen dakon kaya na UTA suka riƙa kwaso sassan mota daga birnin Liyon zuwa filin jirgin Kano, daga nan manyan motoci su kawo su Kaduna. A cikin masana'antar kowa da gurbinsa. Masu walda su haɗa gangar jiki, masu fenti su fesa, wasu su ɗora inji da giya, wasu su ja wayoyin lantarki, a ƙarshe direban gwaji ya zagaya da ita kafin a ce ta cika mota. Mutum ɗaya yakan shekara yana ɗaure noti iri ɗaya, amma idan ya yi sakaci, layi gaba ɗaya ne zai tsaya. A farkon shekarun 1980 masana'antar ta taɓa fitar da motoci fiye da 50,000 a shekara guda, da hannun dubban ma'aikata.

Kasuwa kuwa a shirye take. Bayan 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta rungumi tsarin rage facaka, manyan jami'ai suka koma hawan 504. Ma'aikacin gwamnati ya karɓi rancen mota ya sayi Fijo, direban tasha ya cika doguwar 504 da fasinja zuwa Kano ko Jos, ɗan kasuwar ƙauye ya loda buhuna a akori-kura. An daina ƙera 504 ta zama a Faransa tun 1983, amma a Kakuri aka ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, domin ta san hanyoyinmu kuma kowane bakanike ya san cikinta.

Wanda ya zauna da tsofaffin ma'aikatan Kakuri zai ji ba motar kaɗai suke tunawa ba. Suna tuna asibitin ma'aikata, da kantin cin abinci, da kuɗin ƙarin lokaci, da albashin da ba ya wuce ranarsa. Suna tuna cunkoson kekuna a lokacin canjin aiki, da masu tuwo da shayi da ke jiran tashi a bakin ƙofa. A kan albashin nan Makera da Nasarawa da Barnawa suka cika, Bahaushe da Bajju da Tibi da Ibo da Bayarabe suna haya gida ɗaya, ƙungiyar ƙwadago ɗaya ta haɗa su.

Sai dai ginin yana da rauni tun daga tushe. Akasarin sassa masu tsada daga waje suke zuwa, da kuɗin waje ake biya, kuma masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta da aka sa wa rai ba ta tsaya da ƙafarta ba. Kowa ya hau dokin aro, ba shi ke da linzami ba. Da farashin mai ya faɗi, aka shigo da shirin SAP a 1986, darajar Naira ta zube, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Tsofaffin motocin Turai, 'yan Beljiyam, suka mamaye kasuwa. Aka shiga rage ma'aikata kashi-kashi. Masaƙun ma suka bi sahu: KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. A 2006 gwamnati ta sayar da mafi yawan hannun jarin PAN ga kamfanin ASD Motors, a 2012 kuma hukumar AMCON ta karɓe PAN saboda bashi.

Abin da bai rufe ba shi ne ilimin da ke hannun mutane. Da yawa daga waɗanda aka sallama sun buɗe gareji ko rumfar walda ko wurin fenti, suka ɗauki yara, yaran suka zama iyayen gidan wasu. Yanzu an sake tayar da maganar: kamfanin Dangote Peugeot ya fara haɗa motoci a 2022 a hanyar Kaduna zuwa Abuja. Masu iya aikin suna nan. Tambayar da Kakuri ta bari tun 1975 ita ce ko a wannan karo za a narka ƙarfen a kuma ƙera sassan a gida, ko kuwa za a sake zaman jiran akwatuna daga waje.