Makarantar Carlisle da Kakar Wasan Shekarar 1912

A cikin shekarar 1879 wani hafsan sojan Amurka, Richard Henry Pratt, ya buɗe makarantar kwana a wani tsohon barikin soja da ke garin Carlisle, jihar Pennsylvania. Ɗalibanta 'ya'yan asalin mutanen ƙasar ne, watau waɗanda Turawa suka laƙaba wa sunan Indiyawa. Manufar makarantar ba ɓoyayya ba ce: a raba yaro da gidansu, a aske masa gashi, a sauya masa suna da tufafi, a hana shi magana da harshen iyayensa, har ya rikiɗe ya zama Bature a ɗabi'a. Dubban yara sun bi ta wannan makaranta, wasu kuwa ba su koma gida ba, domin kaburburansu na nan a harabar barikin.

Abin mamaki, ba karatu ne ya fito da sunan Carlisle ba, wasa ne. A wancan zamani ƙwallon zari-ruga irin na Amurka yana hannun manyan jami'o'i kamar su Harvard da Yale da Princeton, kuma wasa ne na ƙarfin tuwo, mai nauyi shi ke da fili. 'Yan Carlisle ba su kai abokan karawarsu girman jiki ba, saboda haka mai koyar da su, Glenn Warner, ya dogara ga gudu da yaudara da jefa ƙwallo gaba, wanda doka ta halatta tun 1906. Da wannan dabara suka ci Harvard 18 da 15 a shekarar 1911.

Kakar 1912 ita ce ƙololuwar tashensu. A shekarar ne aka sake dokokin wasan, aka mai da tsawon fili yadi 100, aka kuma ƙara ladan kai ƙwallo ƙarshen fili zuwa maki 6, abin da ya dace da ƙungiya mai sauri. Bugu da ƙari, gwarzonsu Jim Thorpe, ɗan kabilar Sac da Fox daga Oklahoma, bai daɗe da komowa daga wasannin Olamfik na Stockholm ba, inda ya ci lambobin zinariya 2. Carlisle ta yi wasa 14, ta ci 12, ta yi kunnen doki da kwalejin Washington da Jefferson, sa'an nan Jami'ar Pennsylvania kaɗai ta doke ta.

Wasan da tarihi ya fi riƙewa shi ne na ranar 9 ga Nuwamba, a makarantar horar da hafsoshin soja ta West Point. Shekara 22 kacal ke nan da sojan Amurka suka karkashe mutanen Lakota, maza da mata da yara, a Wounded Knee. To, ga 'ya'yan waɗanda aka ci da yaƙi sun tsaya gaba da gaba da masu shirin gadon rundunar da ta ci su. Carlisle ta yi nasara 27 da 6. Cikin waɗanda suka sha kashi a ranar har da wani ɗalibi, Dwight Eisenhower, wanda ya zama shugaban ƙasa a 1953.

Amma daɗin bai jima ba. A farkon 1913 jaridu suka tona cewa Thorpe ya taɓa karɓar 'yan kuɗi a wani wasan ƙwallon sanda a 1909 da 1910, aka ƙwace lambobinsa. Manyan makarantar ba su tsaya masa ba. Ɗalibai kuma, da jagorancin Gus Welch, ɗaya daga cikin 'yan wasan 1912, suka kai ƙarar yadda ake tafiyar da makarantar. Binciken da Majalisar Dokoki ta yi a 1914 ya bankaɗo almundahana da wulaƙanta ɗalibai, shugaban makarantar ya rasa kujerarsa, Warner ya koma Jami'ar Pittsburgh. A 1918 aka rufe makarantar, bariki ya koma hannun soja. Thorpe ya rasu a 1953, ba a mayar masa da darajarsa ba sai a 1982, kuma sai a 2022 aka tabbatar shi kaɗai ne zakaran wasannin nan biyu.

Darasin da ke ciki ya shafi duk mai riƙe da amanar makaranta. Hukumar Carlisle ta riƙa nuna nasarar fili a matsayin shaidar cewa manufarta ta yi daidai, alhali kuwa kuɗin ƙofa da yabon jaridu sun rufe ido daga halin da sauran yara ke ciki a ɗakin kwana da ajin karatu. Yaran da suka ci West Point su ne kuma suka kai ƙara, domin sun fi kowa sanin cewa kofi ba ya auna lafiyar makaranta.